Filin Mata: Daga Gasasshen Burodi Zuwa Ɗaga Tambulan

 Wannan mako za mu jingine tukunya da allura tukuna, mu ɗauki wata kalma guda ta Turanci mu feɗe ta har wutsiya. Dalili kuwa, tambaya a kanta ta zo mini ta fuska biyu. Matan ma'aikata da su kan raka mazansu liyafa suna so su san ko mene ne abin nan da a ke rubutawa a katin tsarin biki, kusa da yanka kek, wanda in an zo kansa sai kowa ya miƙe tsaye da tambulan a hannu. 'Yan makaranta kuma sun ce malama ta koya musu kalmar da ma'anar burodi, ga shi sun ci karo da ita cikin littafin karatu, wai an yi wa sarki ita. To, yaya za a yi wa sarki burodi?

Kalmar dai Turawa da baƙaƙe biyar su ke rubuta ta, toast, amma a baki ba ta wuce "tos" ba, sai wata 'yar "t" a ƙarshe wadda da ƙyar a ke jinta. Ni "tos" zan riƙa rubutawa, don sauƙin karatu.

Malamar nan ba ta yi ƙarya ba. Ma'anar fari ita ce burodin da aka yanka fale-fale, aka kara a wuta har ya yi ja ya yi ƙarau. Ingilishi sun aro kalmar daga tsohon Faransanci, yau fiye da shekara 600 ke nan, su kuma Faransawa sun gaje ta daga Latin, harshen Rumawan da, inda ta ke nufin ƙona abu ko busar da shi da zafi. A wancan zamani mutanen Ingila suna da wata al'ada. In za su sha giya, su kan gasa burodi, su barbaɗa masa kayan ƙanshi, su jefa cikin kofin don ya gyara ɗanɗanon abin, kamar dai yadda mu kan jefa citta da kanumfari cikin zoɓo. Har Shekisfiya, babban marubucin wasan kwaikwayon nan nasu da ya rasu a 1616, yana da wani ƙaton mashayi cikin wasanninsa mai suna Falstaf, wanda ya aika a kawo masa ruwan inabi, ya ce a sa masa gasasshen burodi a ciki. Kun ga ta ƙofar da burodi ya shiga tambulan ke nan.

Saura kuma yadda ya fita daga tambulan ya koma kan mutum, kuma a nan ne maganar ta shafe mu, gama mutumin da ya fara komawa kansa mace ce.

Wajen shekarar 1700, in manyan mutanen London sun taru suna sha, sai ɗayansu ya ambaci sunan wata kyakkyawa, kowa ya ɗaga kofi ya kurɓa don lafiyarta. Ita wannan mace da aka ambata, ita a ke kira tos. Masana harshe sun ce abin da a ke nufi shi ne, wai sunanta yana gyara abin shan kamar yadda burodin nan mai kayan ƙanshi ya ke gyara shi. Akwai kuma wani labari da wata jarida ta London mai suna Tatler ta buga a 1709. Ta ce a zamanin Sarki Charles na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685, wata kyakkyawa ta shiga wanka a garin Bath, inda akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi irin ta Wikki da ke Yankari. Maza na tsaye bakin ruwan suna kallo. Ɗaya daga cikin masu sonta ya ɗebi ruwan da ta ke tsaye a ciki, ya sha don lafiyarta. Sai wani da ya riga ya yi tatil ya zabura zai faɗa ciki, ya ce shi ruwan bai dame shi ba, burodin da ke ciki ya ke so. Masana ba su ɗauki wannan labari a bakin hujja ba, sun bar shi a matsayin abin dariyar mutanen da. Amma ko ba kome ya nuna mana irin idon da a ke kallon macen da shi.

Ni kam wannan girma ba na yi wa 'yata fatansa. Ku duba fa, ita macen galibi ba ta ma wurin. Al'adar manyan gidajen Ingila a lokacin, in an gama cin abinci sai mata su tashi su koma wani ɗaki, a bar maza da kwalabe. Sa'an nan ne za a shiga yawo da sunayen 'ya'yan mutane daga baki zuwa baki. Mu da mu ke jin nauyin ambaton sunan miji da na ɗan fari, ina za mu kai wannan? Akwai wata ƙungiya ta manyan 'yan siyasa da marubuta a London, Kit-Kat Kulob, wadda har zana sunayen matan a jikin tambulan ta kan sa a yi, tare da baitocin yabo. Wata rana wani basarake ɗan ƙungiyar, da aka zo kansa, sai ya ambaci 'yarsa, yarinya da ba ta cika shekara takwas ba. Sauran suka ce ba za su sha don wadda ba su taɓa gani ba. Ya aika gida aka yi mata ado aka kawo ta, aka yi ta miƙa ta daga cinyar wannan zuwa ta wancan. Yarinyar nan ita ce ta girma ta zama Ledi Mary Wortley Montagu. Ta bi mijinta ƙasar Turkiyya inda ya tafi jakadanci, ta ga yadda tsofaffin mata na can su ke yi wa yara tsaga don kare su daga cutar agana, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, da ta komo London kuma aka yi wa 'yarta a 1721 gaban likitoci. Yau ba wanda ya damu da ko wane ne ya sha don kyanta, amma duk littafin da ya ba da tarihin lamba sai ya ambace ta.

Da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta faɗaɗa. Ta bar kan mata kaɗai, ta koma kan duk wanda a ke so a girmama, ko sarki ne, ko baƙo, ko ango da amarya, ko ma ƙasa. Daga bisani ta koma sunan aikin kansa, watau 'yar gajeriyar maganar yabo da fatan alheri da wani zai tashi ya yi, da ɗaga tambulan da kurɓawar da ke biye. Wannan ita ce ma'anar da ke katin biki, ita ce kuma ta littafin 'yan makaranta. Ta da ɗin ma ba ta mutu ba. Har yanzu in wani ya yi abin bajinta gari ya ɗauka, namiji ko mace, Bature ya kan ce ya zama tos na garin, watau shi ne a bakin kowa.

In da za a ce in fassara ta da Hausa, da "jinjina" zan ce. Mu hannu mu ke dunƙulawa mu ɗaga, mu ce ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Su tambulan su ke ɗagawa su roƙa wa mutum lafiya da tsawon rai. Kuma kamar yadda jinjina ga sarki ba wasa ba ce, haka tasu. A manyan liyafofin Ingila akwai wadda a ke yi wa mai sarauta kafin ta kowa. Ba a yin dogon jawabi, shugaban taro ya tashi ya ce "Sarki", jama'a su miƙe su amsa "Sarki", a kurɓa, a zauna. Daga 1952 zuwa 2022 "Sarauniya" a ke cewa, sai da Elizabeth ta rasu ɗanta Charles na Uku ya hau aka koma cewa "Sarki". Mu ma nan ita a ke ambata a liyafar gwamnati har ran 1 ga Oktoba 1963, da Nijeriya ta zama jamhuriya, aka koma ambaton shugaban ƙasa. Sojojin ruwa na Ingila su a zaune su ke yin tasu cikin jirgi, an yarje musu, sabo da rufin ɗakunan jiragen da gajere ne, wanda ya miƙe da sauri sai ya ƙume kai.

Don ku san abin kamar mubaya'a ne, ga misali. A 1688 aka tuɓe Sarki James na Biyu, ya gudu Faransa. Waɗanda zuciyarsu ke tare da shi da zuriyarsa ba su da halin ƙin tashi in an ambaci sarki, don ƙin tashi tawaye ne a fili. Sai su ka ɓullo da dabara. In an ce "Sarki", sai mutum ya gitta tambulan ɗinsa bisa tulun ruwa ko kwanon wanke hannu da ke kan tebur kafin ya kai baki. Ma'ana, sarkin da ke hayin ruwa ya ke nufi, ba na kan gado ba. Kowa ya ga ya sha, amma Allah kaɗai da 'yan'uwansa su ka san wa ya sha dominsa.

Akwai wata kalma da a kan rikita da wannan, ita ce cheers, a baki "ciyas". Bambancinsu ba wuya. Tos sunan abin ne, ciyas kuwa abin da a ke faɗa ne in ba a son dogon zance, musamman tsakanin abokai. Asalinta ita ma daga tsohon Faransanci ne, inda ta ke nufin fuska. Daga fuska ta koma yanayin fuska, daga nan ta koma fara'a da murna. Ba ta daɗe a bakin masu ɗaga kofi ba, sai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ta bazu. Yau kuwa a Ingila ta zama kamar "madalla" a wurinmu. Ki ba mai kanti kuɗi ya ce ciyas, ki riƙe wa wani ƙofa ya ce ciyas, a gama magana a waya a ce ciyas. Na gode ko sai an jima a ke nufi, ba ruwanta da kwalba. Kada 'yar da ta tafi karatu can ta ji haka ta ɗaure fuska, ta zaci an mai da ita mashayiya. Sai dai ba kalmar da za ki sa a takardar neman aiki ba ce, ko ki faɗa wa shugabar makaranta. Sauran al'ummai galibi lafiya su ke ambata kai tsaye. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da su ka yi karatun Faransanci sun san "sante", lafiya ke nan. Mutanen Sin da Japan kuwa abin da su ke cewa shi ne a busar da kofi, watau a shanye ƙaf.

To, 'yan makaranta, ku matso, ga abin da ke kayar da mutane a jarrabawa. Bature ba ya cewa ya yi tos ko ya ba da ita kurum. Mafi yawa cewa ya ke propose a toast, watau ya gabatar da ita ga jama'a su amince. Kalmar propose ɗin nan ita ce dai wadda a ke amfani da ita wajen neman aure, don haka in kin ga abokin ango ya tashi zai yi wa amarya, kada ki ce ga abin kunya. Wanda a ke girmamawa kuma da to a ke haɗa sunansa, a ce a toast to the bride, watau jinjina ga amarya. Sa'an nan ga wani ɗan siriri: in burodi a ke nufi ba a ƙirga kalmar, ba a cewa a toast ko two toasts, sai dai a ce yanki ɗaya, yanki biyu, a slice of toast. In kin ga a a gabanta, ko s a bayanta, to, ta tambulan ce. Wannan kaɗai ya ishe ki rarrabe su ko cikin duhu. Mai kula da tsarin masu tashi magana a babbar liyafa shi ne toastmaster. A Ingila jar kwat ya kan sa, aikinsa kusan na sanƙira ne, ya tsawata a yi shiru, ya faɗi sunan mai magana da muƙaminsa. Daga sunansa ne wata ƙungiya ta koyon magana gaban jama'a ta samo nata, wadda wani mutum Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1924, tana kuwa da rassa har a Nijeriya. Su ba abin da su ke sha, baki su ke wasawa.

Uwargida kuma, ga yadda abin ya ke tafiya in kin samu kanki a wurin. Mai magana zai tashi, ya faɗi abin da zai faɗa, minti ɗaya ko biyu ya isa, ko da ya ke mutanenmu in sun kama makirfo sai an yi kamar a roƙe su. In ya gama zai nemi a tashi. A miƙe, a ɗaga tambulan daidai fuska, a maimaita sunan wanda a ke girmamawa, a kurɓa kaɗan, a zauna. Ba a shanyewa. Kara tambulan da na maƙwabci ba dole ba ne, a babban taro ma ɗagawa kaɗai ta fi kyau, kada ki miƙa hannu ta kan mutane uku ki tsoma gyalenki cikin miya. Za ki ji waɗansu na cewa asalin karawar nan don tsoron sammu ne, wai don abin shan wannan ya fantsama cikin na wancan. Labarin yana da daɗin ji, amma masu bincike ba su sami shaidarsa ba. Abu ɗaya da a ke yawan kuskurewa shi ne, in ke a ke yi wa, ko ke da mai gidanki, ba za ki tashi ba, ba kuwa za ki sha ba. Ki zauna, ki yi murmushi, in an gama ki ce kin gode, ko mai gida ya tashi ya yi godiya a madadinku. Shan tos ɗin kanki daidai ya ke da amarya ta rangaɗa wa kanta guɗa.

Yanzu sai babbar tambaya, wadda na san ita ce a ran yawancinku. Abin nan ya halatta gare mu? Giya dai ba ta da wata gardama, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta gama magana, akwai kuma Kiristoci da yawa a ƙasar nan da ba su kusantarta. Ta wajen Turawa, ba wata doka da ta ce sai da giya. Littattafansu na ladabin zaman tebur sun yarda a ɗaga lemo ko ruwa, ko ma a kai tambulan kusa da baki ba tare da an sha ba. Abin da su ke ɗauka cin fuska shi ne a ambaci mutum ki zauna ki harɗe hannu. Akwai camfin sojojin ruwa cewa wanda aka yi wa da ruwa zalla a ruwa zai mutu, amma camfi ne, kowace ƙasa da nata. A Amurka ma, zamanin Shugaba Hayes, 1877 zuwa 1881, an hana kawo giya liyafar fadar shugaban ƙasa, har daga baya aka laƙaba wa matarsa suna Lusi Mai Lemo. Baƙi sun yi gunaguni, amma ba ƙasar da ta janye jakadanta.

Ta wajen addini kuwa maganar ba ta tsaya kan abin da ke cikin tambulan ɗinki kaɗai ba. Akwai hadisi da ya hana mumini zama a teburin da a ke zagaya giya a kansa, malamai da dama kuma sun ƙi a kwaikwayi salon mashaya ko da da ruwan sanyi ne. Ba ƙaramar magana ba ce, har manyan ƙasashe ta taɓa haɗawa. A 1999 sai da aka ɗaga ziyarar Shugaban Iran Muhammad Khatami zuwa Faransa wata da watanni, don shi ya ce ba zai zauna teburin da ke da ruwan inabi ba, Faransawa kuma su ka ce ba su yin liyafar gwamnati ba tare da shi ba. A 2016, da Shugaba Hassan Rouhani ya je, an gana an yi shawarwari, amma ba a ci abinci tare a fadar ba, kan wannan dalili dai.

Ga nawa ganin, wadda ta fi ni sani kuma ta gyara. In dinar biki ce irin tamu, ba kome kan tebur sai zoɓo da kunun aya da lemon kwalba, aka ce a tashi a yi wa ango da amarya fatan alheri, ki tashi, ki yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. In zuciyarki ba ta kwanta da ɗaga tambulan ba, tsayuwar kaɗai ta fitar da ke kunya, ba mai cewa kin raina kowa. In kuwa taron aiki ne na mai gida inda kin san za a kawo kwalabe, to, tun a gida za a gama shawara, ba sai an zauna ba. Ku tambayi malaminku, shi kuma mai gida ya gaya wa masu gayya tun da wuri cewa iyalinsa ba su sha, don a san inda za a zaunar da ku. Ki kuma lura da abin da mai rabo ya ke zuba miki. Akwai ruwan inabi mai kumfa marar sa maye da a ke sayarwa don irin wannan rana, kwalbarsa kuwa kamar an tsaga kara da ta mai sa mayen. Ki nemi ganin kwalbar ki karanta da idonki, ko ki ɗora tafin hannu bisa tambulan ki ce ruwa ki ke so. Ba rashin wayewa ba ne, matan jakadu ma haka su ke yi.

Saura ma'ana biyu da ba za ku samu a tsohon ƙamus ba. A Amurka in an ce mutum ya zama tos, ba tare da a ba, ana nufin tasa ta ƙare, ya ƙone kamar burodin da aka manta a wuta. Ɗayar kuwa tamu ce ta gida. A Turancin Nijeriya, musamman a bakin 'yan jami'a da samarin birni, in an ce yaro yana "tostin" yarinya, tsara ta ya ke yi da daɗin baki, shi kuma sunansa "tosta", suna ɗaya da na'urar gasa burodi. Kun ga bayan shekara 300 kalmar ta zagayo ta sake sauka kan mace. Bature ɗan Ingila ba zai gane wannan ma'ana ba, mai duba takardar jarrabawa kuma jan biro zai sa mata, don haka kada ta shiga insha'inku. Iyaye mata kuwa, in kun ji 'yarku na hira da ƙawarta a waya tana cewa tostocinta sun kai uku, ba kayan kicin ta ke tarawa ba, ku jawo ta ɗaki ku ji ko su wane ne, 'ya'yan wane gida ne, kuma ko akwai wanda ya shirya turo magabatansa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.